M72, MTBVAC ko Tsohuwar BCG: Wace Allurar Tarin Fuka Za Mu Yi Wa Shiri?

Mafi yawan waɗanda aka haifa a asibiti, ko aka kai su rigakafi a makonnin farko, suna da ɗan tabo a saman hannun hagu, kusa da kafaɗa. Tabon allurar BCG ke nan, kuma har yau ita kaɗai ce rigakafin tarin fuka da ake yi wa jama'a a duniya. A birnin Paris aka fara ba wani jariri ita a 1921, ta haura shekara 100 ke nan tana aiki. Duk da haka a 2023 kaɗai, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 10.8 suka kwanta da tarin fuka, kimanin miliyan 1.25 suka rasu. Nijeriya ce kan gaba a Afirka, da kusan kashi 4.6 cikin 100 na dukan masu cutar a duniya. Sai ka ga magidanci da tabonsa raɗau a hannu, yana kuma tari har da jini.

A yanzu akwai sababbin allurai sama da 12 da ake gwadawa a jikin mutane, wasunsu, irin su M72 da MTBVAC, sun kai matakin ƙarshe. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Satumbar 2023, shugabannin ƙasashe sun ɗauki alƙawarin ganin an samu sabuwa mai lasisi cikin shekara 5. Su cika ko kada su cika, ranar dai tana tafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Babu ƙasar da za ta iya yi wa kowace allura tanadi, domin abin da allurar jarirai ke buƙata daban yake da na allurar magidanta: ma'aikata daban, wurin bayarwa daban, har maganar da za a faɗa wa jama'a ma daban. Zaɓin yana kan masu riƙe da kasafin lafiya a tarayya da jihohi, da ma'aikatan da za su riƙe sirinji, daga ƙarshe kuma ya iso kan uban da za a ce ya bar ɗansa mai shekara 16 ya miƙa hannu.

Sai mun san inda BCG ta gaza kafin mu auna masu son gadonta. Albert Calmette, likita, da Camille Guérin, likitan dabbobi, su suka samar da ita a cibiyar Pasteur da ke Lille a Faransa. Ƙwayar tarin fukan shanu suka ɗauka, suka riƙa shuka ta a kan yankan dankali da aka dafa da ruwan matsarmamar sa, suna ɗauke ta daga wannan kwalba zuwa waccan har sau 230, daga 1908 zuwa 1921. A wannan doguwar tafiya ƙwayar ta zubar da wani yanki na ƙwayoyin gadonta, ta yi laushi, ta daina kashewa. Abin da ta iya, ta iya shi sosai: tana kare ƙananan yara daga tarin fukan da ke hawa ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau, da wanda ke bazuwa ko'ina a jiki, da kusan kashi 70 zuwa 80. Tana ma rage kamuwa da kuturta. A huhun babba kuwa labarin ya sha bamban. Wani gwaji da aka yi wa matasan Birtaniya a shekarun 1950 ya nuna kariya ta kusan kashi 80, amma babban gwajin Chingleput a kudancin Indiya, wanda aka fara a 1968 da mutum sama da 250,000, bai nuna wata kariya ga manya ba. Abin lura shi ne, gwargwadon zafin ƙasa gwargwadon raunin allurar. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, a ƙasashe masu zafi akwai dangin wannan ƙwaya barkatai a cikin ruwa da turɓaya, jiki ya riga ya saba da su, sai BCG ta zo ta tarar ba ta da sabon karatun da za ta koyar. A irin wannan ƙasa muke zaune.

To daga nan hanya ta rabu biyu, kuma wannan rabuwa ta fi sunan kowace allura muhimmanci. Ko dai a nemi wadda za ta maye gurbin BCG a hannun jariri, ko a nemi wadda za a yi wa matasa da manya. Ta jarirai ita ce mai sauƙi, don an riga an shimfiɗa mata hanya: ranar rigakafi tana nan, katin yaro yana nan, iyaye mata sun san layin. Sai dai jariri ba shi ke yaɗa cutar ba. Ƙaramin yaro ba ya iya tarin da zai watsa ƙwayar da yawa. Masu yaɗawa su ne manyan da cutar ta ci huhunsu, a shagon da samari biyar ke kwana ba taga, a ɗakin kwanan makaranta, a gidan yari, a motar haya da aka rufe gilashinta saboda hunturu. A 2023 kashi 55 na masu cutar maza ne manya, kashi 33 mata, kashi 12 yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi a 2022 cewa, cikin shekara 25, allurar manya mai kariyar kashi 50 kacal za ta iya hana mutum miliyan 37 zuwa 76 kamuwa, ta ceci rai miliyan 4.6 zuwa 8.5. Ta jarirai mai kariyar kashi 80 kuwa, iyakarta ta hana miliyan 5.8 zuwa 18.8. Ka ga rabin kariya a jikin babba ya ninka kariya mai ƙarfi a jikin jariri sau huɗu zuwa shida.

Dabara mafi arha da za ta fara faɗo wa mutum ita ce a sake yi wa matasa BCG, tunda ga ta a firji. An gwada, kuma har ta ɗan ba da fata. A 2018 wani gwaji da matasa 990 a Afirka ta Kudu ya nuna kamar sake ta yana rage zaman ƙwayar a jiki da kashi 45. Aka yi murna, aka shirya gwaji mafi girma da matasa 1,836 don a tabbatar. Sakamakon da ya fito a 2025 ya nuna babu wani bambanci tsakanin waɗanda aka sake yi wa da waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki. Dama tun can baya an gwada haka a Karonga ta Malawi da kuma makarantun Burazil ba a ga abin kirki ba ta fuskar tarin huhu. Duk wanda ya kawo shawarar a zuba kuɗi a wannan, a ba shi haƙuri.

Wadda ta fi kusa da fitowa a ɓangaren manya ita ce M72/AS01E, da kamfanin GSK ya ƙirƙira. Babu ƙwaya mai rai a cikinta ko kaɗan. Furotin biyu aka ciro daga jikin ƙwayar tarin fuka aka haɗe su guda, aka gauraya da wani sinadari da zan kira ɗan zuga, wato AS01E, wanda aikinsa shi ne ya tayar da garkuwar jiki ta mai da hankali kan furotin ɗin. Allura biyu ake yi a tsoka, wata ɗaya tsakani. An gwada ta a kan manya kusan 3,500 masu shekara 18 zuwa 50 a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu, dukansu waɗanda gwajin jini ya nuna ƙwayar tana kwance a jikinsu amma ba ta tashi ba, kuma ba su da cuta mai karya garkuwar jiki. Bayan shekara 3, mutum 13 suka kamu da tarin huhu cikin waɗanda aka yi wa allurar, 26 cikin waɗanda ba a yi wa ba. Kariyar kashi 49.7 ke nan, kamar yadda aka bayyana a 2019.

A duba waɗannan lambobi da kyau: 13 da 26. Mutum 39 ne gaba ɗaya aka gina wannan fata a kansu. Da adadi ƙanƙane haka, lissafin masu binciken kansu ya ce kariyar ta haƙiƙa za ta iya kasancewa ko'ina daga kashi 2 zuwa kashi 74. Shi ya sa ake gwaji na uku, wato babban matakin ƙarshe kafin a ba da lasisi, wanda aka fara a Maris ɗin 2024, da mutum 20,000 masu shekara 15 zuwa 44 a Afirka ta Kudu, Kenya, Malawi, Zambiya da Indunusiya. An gama ɗaukar mutane a 2025, tun kafin lokacin da aka ɗiba, yanzu jira ake a ga su wa cutar za ta kama, abin da kan ɗauki shekaru. Duk da wannan taka-tsantsan, M72 tana da abin da mafi yawan sababbin allurai ba su da shi: an taɓa ganin ta rage ainihin ciwon a jikin manya. Mafi yawan sauran suna tafe ne da shaidar gwajin dabbobi, ko ta sinadaran da aka auna a jini.

Akwai wani abu game da ita da ke ba ni takaici. Daga sakamakon 2019 zuwa fara gwaji na uku, shekara 5 aka yi ana jan ƙafa, ana neman wanda zai biya. GSK ya miƙa lasisin ga cibiyar binciken lafiya ta Gates a 2020, sai a 2023 Gidauniyar Gates da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka haɗa dala miliyan 550 na gwajin. A daidai wannan lokaci, irin wannan ɗan zuga ne ke cikin Shingrix, allurar da ake yi wa tsofaffi a ƙasashe masu arziki don ƙurajen nan masu zafi da ƙwayar ƙarambau ke tayarwa, wadda cinikinta ya haura fam biliyan 3 a 2023. Tarin fuka ciwon talaka ne, mai saye ba ya da ƙarfin aljihu. Wannan magana ta shafi zaɓinmu kai tsaye, domin ɗan zugan yana hannun kamfani ɗaya, kuma ɗaya daga cikin sinadaransa daga ɓawon wata bishiya ake tatso shi da ke fitowa a ƙasar Chile. Shi ne kuma a cikin RTS,S, allurar zazzaɓin cizon sauro da Ghana ta fara gwadawa a 2019, Kamaru kuma ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a 2024. Alherin hakan shi ne an riga an yi wa miliyoyin yaran Afirka allura mai wannan sinadari, ba baƙo ba ne. Sharrinsa kuwa, rijiya ɗaya ce masu ja da yawa. Ko M72 ta ci jarrabawa, shekarun farko za a yi rububinta, kuma ƙasashen da suka ba da mutanensu aka yi gwaji za su ce su ne a gaba.

Sauran abin da za a sani game da ita: tana sa ciwon hannu da kasala da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu fiye da yadda aka saba, abin da ke da tasiri ga mai neman na yau da zai rasa fita. Shaidar da ake da ita ta waɗanda ƙwayar ta riga ta shiga jikinsu ce, kuma gwajin jinin da ke tantance hakan yana da tsada, sai ɗakin gwaji mai kayan aiki, don haka ba zai yiwu a ce sai an gwada kowa kafin a yi masa ba. A gwaji na uku an sa ƙaramin rukuni na waɗanda ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar ba, da na masu cuta mai karya garkuwar jiki. Tunda ba ta da rai, babu fargabar ta zame wa mai raunin garkuwa ciwo, kuma wani gwaji da aka yi da kusan mutum 400 masu shan maganin wannan cuta a Afirka ta Kudu ya nuna jikinsu ya karɓe ta lafiya.

Babbar abokiyar takararta ita ce MTBVAC, kuma falsafarta ta saɓa da ta M72 gaba ɗaya. Maimakon furotin biyu, ƙwayar ce sukutum da ranta, kuma ta mutane, ba ta shanu ba. Carlos Martín na Jami'ar Zaragoza a Sifen ne ya jagoranci aikin tare da cibiyar Pasteur. Asalin abin wata annoba ce ta tarin fuka mai bijire wa magani da ta kashe masu raunin garkuwa a asibitocin Sifen a shekarun 1990. Da aka binciki ƙwayar, aka gano wata ƙwayar gado mai suna phoP ce ke ƙara mata mugunta. Sai suka ce to a cire ta. Suka ƙara cire ta biyu, fadD26, wadda ke taimaka wa ƙwayar gina rigar kitsen da take ɓuya a ciki. Cire biyun yana da dalili na tarihi. A Lübeck ta Jamus a 1930 an ba jarirai 251 BCG da ta gauraya da ƙwaya mai kisa a ɗakin gwaji, sama da 70 suka mutu, kuma tun daga nan duniya ke tsoron allurar tarin fuka mai rai. Masana suka yi ittifaƙi a Geneva cewa duk wata sabuwa mai rai sai an karya mata ƙafa biyu, ta yadda ko ɗaya ta warke ba za ta miƙe ba.

Hujjar masu MTBVAC mai shiga hankali ce. BCG ta rasa furotin da yawa waɗanda ƙwayar mutane ke da su, ita kuwa wannan tana ɗauke da su, saboda haka garkuwar jiki tana ganin cikakkiyar fuskar abokin gaba. An fara gwada ta a jikin mutum a Lausanne ta Suwizalan a 2013. Tun 2022 ana gwaji na uku da jarirai kusan 7,000, mafi yawansu a Afirka ta Kudu, da wasu a Senegal da Madagaska, ana kwatanta ta da BCG kai da kai. A 2025 kuma ƙungiyar binciken rigakafi ta IAVI ta fara wani gwaji da matasa da manya kusan 4,300 a Afirka ta Kudu, Kenya da Tanzaniya. Ta nan ta fi kowace kwaɗaitarwa, don tana neman kujera biyu a lokaci guda, ta jarirai da ta manya. Allura ɗaya ce tak, a cikin fata, kamar BCG. Busasshiya ce, firjin da ke asibitin karkara ya ishe ta. Ba ta jiran ɗan zugan kowa, kuma irin wannan allura da ake nomawa a tukunya ba ta cika tsada ba. Ita BCG ko rabin dala ba ta kai ba. Kamfanin Biofabri na Sifen ya riga ya ƙulla yarjejeniya da Bharat Biotech na Indiya don a yi ta da yawa.

Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Har yanzu ba a ga MTBVAC ta hana mutum ciwo ba, kuma a ɓangaren manya tana bayan M72 da mataki guda cur. Tana da rai, don haka sai an yi hattara da masu raunin garkuwa da mata masu ciki. Ana kan gwada ta daban a kan masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Kuma waɗannan furotin da take taƙama da su, su ne dai gwajin jini ke nema, don haka wanda aka yi masa ita jininsa zai iya nuna kamar ya kamu. Ni tambayar da ta fi tsaya mini ita ce ta turɓaya da ruwan nan da suka dusashe BCG a ƙasashe masu zafi: allura mai rai sai ta ɗan rayu a jiki kafin ta koyar, to idan jikin babba ya riga ya saba da danginta, zai bar ta ta zauna? Amsar tana cikin gwajin manyan da ake yi yanzu.

VPM1002 ba za ta ɗauke mu lokaci ba. BCG ce aka yi wa kwaskwarima a cibiyar Max Planck ta Berlin ƙarƙashin Stefan Kaufmann: an cire mata ƙwayar gado ɗaya, aka dasa mata wata daga ƙwayar Listeria don garkuwa ta fi ganinta. Ƙarfinta shi ne Serum Institute na Indiya, wanda ya fi kowa yawan allurai a duniya, shi ke riƙe da ita. An gwada ta a kan jarirai kusan 7,000 a Gabon, Kenya, Yuganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da kuma mutum sama da 12,000 a Indiya masu zama gida ɗaya da mai tari. Tushenta dai na shanun ne, kuma duk ƙasar da ke da BCG mai arha ba ta da dalilin canzawa sai an nuna mata fifiko ƙarara.

Ita kuwa fasahar mRNA, mai aika wa jiki umarnin ƙera furotin ɗin ƙwayar da kansa, wadda ta yi suna lokacin korona, kamfanin BioNTech ya fara gwada nasa samfurin, BNT164, a 2023, kuma matakin farko ne, inda tambayar kawai ita ce ko jiki zai karɓa lafiya. Ana yawan ambatonta a taruka saboda masana'antar da kamfanin ya buɗe a Kigali, da cibiyar koyar da fasahar da ke Cape Town wadda Nijeriya da Senegal ke cikin masu ɗaukar darasi a wurinta. Ba girin-girin ba dai, a yi mai. Da korona an san furotin ɗaya da za a nuna wa jiki. Ƙwayar tarin fuka tana da ƙwayoyin gado kusan 4,000, tana kuma ɓuya ne a cikin sojojin jikin da aka aiko su kashe ta, kuma har yau ba a da wani awo a jini da zai ce wannan mutum ya samu kariya. Saurin ƙera allura ba ya maganin rashin sanin abin da za a sa a ciki. Wanda ke ganin na cika tsanani ya tuna da MVA85A ta Jami'ar Oxford, wadda ta yi kyau a dukan awon jini, aka yi wa jarirai 2,797 gwajinta a Afirka ta Kudu, a 2013 aka ga ba ta ƙara komai a kan BCG ba. Ya tuna da H56 ta Denmark, wadda aka dakatar a ƙarshen 2023 bayan an ga waɗanda aka yi wa ba su tsira daga dawowar ciwon ba.

Idan aka dawo gida aka ajiye M72 da MTBVAC gefe da gefe, wahalar M72 a wurinmu ita ce allura ta biyu. Direban tirela da aka samu a tasha yau, bayan wata ɗaya yana Legas ko Agadas. Ɗan ci-rani ya koma gona. Mun ga yadda dawowa allura ta biyu ta zame aiki lokacin korona. Kuma tsarin rigakafinmu na mata da yara ne. Namiji mai shekara 30, wanda shi cutar ta fi kamawa, ba ya zuwa asibiti sai an ɗauko shi. Sai dai ba a ce ba a taɓa yi ba. Lokacin allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda Nijar ta fara a 2010, Nijeriya a 2011, an yi wa kowa daga shekara 1 zuwa 29, a kasuwanni da makarantu da ƙofar gidan mai unguwa, kuma nau'in sanƙarau da aka nufa ya kusa ɓacewa. Allura ɗaya ce waccan, amma ta nuna ana iya kai wa samari. Allurar sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Nijeriya a Oktoban 2023 ita ma ta buɗe ƙofar makarantu.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Afirka ta Yamma. Wani kaso na tarin fukanmu ba irin ƙwayar da ta fi yawa a duniya ke kawo shi ba, wata 'yar'uwarta ce da ake kira Mycobacterium africanum, wadda kusan a yankinmu kaɗai take, daga Senegal zuwa Kamaru. Ga kuma ta shanu da ke shiga ta madarar da ba a tafasa ba. Babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a gwaji na uku na M72. Wannan ba ya nufin ba za ta yi aiki a nan ba, don ƙwayoyin sun yi kama ƙwarai, amma dalili ne na hukumar NAFDAC da jami'o'inmu da cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya su nemi a yi ƙaramin gwaji a gida, a kuma bi diddigin waɗanda aka yi wa bayan an fara. Irin wannan gwaji yana da wani amfanin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 da shari'ar da ta biyo bayansa ba, kuma dakatar da rigakafin shan inna a 2003 daga irin wannan rashin yarda ta taso. Allurar da likitocin gida suka gwada a bainar jama'a, malamai da sarakuna suna sane tun daga farko, za ta fi wadda aka sauke daga jirgi karɓuwa. Dole kuma a faɗa wa mutane gaskiya cewa kariyar rabi ce, domin ranar da wani da aka yi wa ya kamu, kada a ce an yaudare su.

Da ni ke riƙe da alƙalami, M72 zan yi wa shiri, in kuma sa wa MTBVAC ido. Dalilin mai sauƙi ne: duk abin da aka gina don M72, wato hanyar kai wa matasa da magidanta, rajistar manya, ƙidayar inda cutar ta fi yawa a kowace ƙaramar hukuma, zai yi wa MTBVAC aiki idan ta zo, har da ragi, tunda ita sau ɗaya ce. Wanda ya zauna jiran ta jarirai kuwa bai gina komai ba, kuma bai rasa komai ba idan ta zo, don musanya kwalba ce kawai. Kuɗi ma sai an fara maganarsa yanzu. Ƙawancen Gavi, mai taimaka wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sayen rigakafi, ya amince a 2024 cewa zai tallafa wa sabuwar allurar tarin fuka idan ta samu, amma tallafin da yake ba Nijeriya an tsara shi ne zuwa 2028, kusan lokacin da ake sa ran allurar. Nijar da Chadi suna da sauran lokaci a inuwar Gavi. Tunda kuma ba za ta wadata ba da farko, gara a yanke tun yanzu su wa za a fara da su. Ni zan fara da ma'aikatan lafiya, da masu zama gida ɗaya da mai tari, da fursunoni, da masu haƙar ma'adinai da ƙura ta riga ta raunana musu huhu.

Ga mai gidan da ke da mai tari a ɗaki yau, babu ɗaya daga cikin sababbin nan da ke kasuwa, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da ita ɗan damfara ne. Tarin da ya kai mako biyu, a kai kaki a gwada; gwajin da maganin wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sauran mutanen gidan, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, akwai maganin kariya da ake ba su, wani ma sau ɗaya a mako ake sha har mako 12. Jariri kuma a yi masa BCG tun a kwanakin farko, sai dai idan an tabbatar yana da cuta mai karya garkuwar jiki, wanda shi likita ne zai faɗi lokacin. Kwalba ɗaya ta jarirai 20 ce, kuma in an haɗa ta da ruwa sai a zubar da ragowar bayan awa 6, shi ya sa ƙananan asibitoci da yawa suke ware mata rana guda a mako. A tambayi ranar tun kafin suna.